Ina Cikin Mota Lokacin da Kika Faɗi, Ulrika

Ranar Asabar, 11 ga Oktoba, 2025, kafin a kira sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Ulrika Norrlind, 'yar ƙasar Sweden, tsohuwar 'yar wasan gaba, kuma kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan matanmu a nan Longsight, cikin Manchester. Shekarunta arba'in da takwas. Ba ta yi jinya ba, ko ciwon kai ba ta ce tana yi ba. Da safe ta iso fili da buhun ƙwallaye a kafaɗa, tana tsokanar yaran da suka makara. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ta yanke jiki ta faɗi a gaban 'yan mata goma sha huɗu. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Mako uku ke nan, amma har yau idan na faɗi maganar da bakina sai in ji kamar ƙarya nake yi.

Ulrika, da ke zan yi magana kai tsaye, tunda ke ba kya son kwana-kwana. Ni likita ce, shekara ashirin ina aikin. Lokacin da zuciyarki ta tsaya ina wurin, taku ɗari da hamsin daga inda kika faɗi, domin na koma daga baya na ƙirga. A zaune nake cikin mota. 'Yata ta fari, wadda kika horar shekara bakwai, ta san haka, kuma daga ranar ta daina yi mini magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi yadda aka yi. Amma bari in fara gaya wa mutanenmu ko ke wace ce, su san girman abin da muka rasa.

An haife ki a wani ƙaramin gari can arewacin Sweden, inda kika ce a lokacin sanyi rana leƙowa kawai take yi ta koma. Mahaifinki direban motar katako ne. Babu ƙungiyar mata a garin, sai kika shiga ta maza, har kika kai shekara goma sha uku aka ce ki haƙura, wai iyayen yaran sun gaji da ganin mace tana kunyata musu 'ya'ya a gaban raga. Kina da goma sha shida wata ƙungiyar mata a birni ta ɗauke ki ta ba ki lamba tara. A wancan zamani ƙwallon mata ba ya ciyar da kowa. Da sassafe kina kan keke kina rarraba wasiƙu cikin dusar ƙanƙara, da yamma ki wuce atisaye. Kaka goma sha ɗaya kika yi musu, kika ci ƙwallo ɗari da goma sha biyu. Sau ɗaya aka kira ki sansanin 'yan wasan ƙasarku. Saura kwana huɗu wasa, kika juya da ƙwallo, gwiwarki ta hagu ta ce ƙas. Kina dariya kika ba ni wannan labari, kika ce aƙalla sun bar miki rigar sanyin.

A 2004 kika zo Birmingham, wata ƙungiya ta yarda ta gwada gwiwar da aka yi wa aiki. A Selly Oak kika sami ɗaki, a gidan haya na ɗalibai, kuma a nan kika haɗu da Batulu, ƙawata tun sakandare, wadda a lokacin take karatun digiri na uku kan haɗa magunguna. Ba zan manta wayar da ta yi mini ba. Ta ce, "Safiyatu, yau na ga abin mamaki. Baturiya ta cire takalmi a ƙofar ɗakina ba tare da na ce mata komai ba." Ashe haka al'adarku take. Wannan cire takalmi shi ya buɗe miki gidajen Hausawa daga Birmingham har Manchester. Batulu ta ba ki tuwo da miyar kuka, kika zambaɗa yaji kamar kin san shi, hawaye na zuba, hanci na yoyo, kika miƙa kwano a ƙara miki.

Da rana kina sayar da shayi da gahawa a wani shago a kan Bristol Road, ranar Lahadi kina fili. Batulu, wadda ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ta zama ba ta fashin wasanki. Ita ce ta ba ni labarin ranar da aka fasa miki goshi, aka naɗe kan da bandeji, kika koma ciki kika ci da wannan kan dai. Kaka biyar kika yi a can kafin ɗayar gwiwar ma ta gaza a 2009. Kika rataye takalmi, kika koma koyarwa. Kin horar da manya, an ma yi miki tayin komawa gida Sweden ki riƙe babbar ƙungiya, amma a 2016 kika tattaro kika zo Manchester, kika zaɓi filin ƙaramar hukuma mai taɓo da 'ya'yan baƙi. Na taɓa tambayarki dalili. Kika ce manya sun riga sun san ana son su.

Yarinyar tawa tana da shekara tara lokacin da ta fasa mini tagar kicin karo na biyu. Na kai ƙara wurin Batulu, ta ce, "Ki kai ta wurin Ulrika kafin ta rushe miki gida." Haka na kai ta.

Koyarwarki ba irin ta kowa ba ce. Duk yarinyar da kika ga ta dogara da ƙafar dama, sai ki ɗaura mata jan zare a takalmin, wata guda cur duk ƙwallon da ta ci da wannan ƙafa ba a lissafa shi. Tawa ta dawo gida tana kuka, ta ce kin tsane ta. Yau da hagu ta fi iya bugu. Kina gaya musu cewa 'yar wasan gaba dole ta zama mai saurin mantuwa, idan ta zubar da ƙwallo ta manta kafin ta juyo. Ke kuwa da kike faɗin haka, kina iya lissafo duk wanda kika zubar tun 1993, da ranar, da sunan mai tsaron ragar.

Da alƙalin wasa ya ce yaranmu ba za su buga da ɗankwali mai fil ba, ba ki tsaya jayayya ba. Kika ari keken ɗinki, kika ɗinka hijabai tara masu roba, duk a karkace, yaran suka sa suna dariya. Da azumi kina rage gudu, ki mayar da atisayen na dabara, kuma ban taɓa ganin kin kai kwalbar ruwa baki a gabansu ba. Bayan kowane atisaye kina buɗe bayan motarki ki fito da fulas ɗin gahawa da burodi mai kirfa wanda kika gasa da hannunki, iyaye su taru a bakin fili a sha a yi hira. Kin ce a ƙasarku wanda bai zauna an sha gahawa da shi ba, ba a san shi ba. Kowa yana zuwa, ban da ni.

A nan ne zan yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. A gidan da na tashi a Ɗambatta, mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni ce 'yar farin mahaifiyata, kuma har ta koma ga Allah ban ji "Safiyatu" a bakinta ba, ban kuma taɓa shakkar tana sona ba. Na yi boko har na gaji, na ƙetaro teku, na bar abubuwa da yawa a baya, amma wannan ya biyo ni. Ina rubuta sunan yarinyar a takardun makaranta, ina faɗa wa ma'aikata idan ya zama dole. Amma in kalle ta in kira ta da shi, ban taɓa ba. "Ke" nake cewa. Idan da babanta nake magana in ce "'yarka." Shi babanta Muhsin aikinsa a teku yake, mako biyu can mako biyu nan, don haka kai ta fili ya zama nawa. Sai in ajiye ta, in koma ƙarshen wurin ajiye motoci in zauna. Ta gilashi nake kallo. Idan na ga ta ci, sai in sunkuyar da kai.

Kin ɗauki shekara biyu kina aiko mini da gahawa ta hannun Rachel, mataimakiyarki. Wata rana kika zo da kanki kika ƙwanƙwasa gilashin.

Kika ce, "Dokta, Shifa ta ci uku yau. Duk wanda ta ci, motar nan take kallo."

Na yi miki bayanin al'adarmu, har da ɗan fushi, domin na zaci za ki ce mini rashin wayewa ne. Kika saurara har na gama. Sannan kika ce, "Mu ma haka muke. Mahaifina bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba, ko sau ɗaya. Amma yana tsaye. Cikin ƙanƙara, hannu a aljihu, yana tsaye. Ba sai kin ce komai ba, Dokta. Ki tsaya kawai."

Na ce miki wata rana. Shekara biyar ina cewa wata rana, ke kuma ba ki fasa aiko gahawar ba.

Ranar Asabar ɗin nan ana yayyafi. Na kunna abin ɗumama mota, na sa abin sauraro a kunne, ina jin saƙonnin murya na 'yan uwa a kan launin ankon bikin wata ƙanwarmu. Wannan shi ne abin da nake yi, Ulrika, gardamar ruwan hoda da ruwan goro. Na ɗaga kai na ga yaran sun taru wuri guda suna ihu. Na ce a raina an ci ƙwallo ke nan, na sunkuyar da kai kamar kullum. Da na sake ɗagowa na hango tawa ta taho da gudu wajen mota tana ɗaga hannuwa. Na ce lallai yau rashin kunyar ta kai, har mota za ta biyo ni da murna. Na haɗe rai. Na kawar da kai gefe, na ci gaba da sauraron zancen anko, ina shirya yadda zan ce mata, "To sai me?"

Sai da ta daki gilashin da hannu biyu na ga fuskarta.

Ban san yadda na isa wurinki ba, na dai san takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo. Rachel ta zaci suma kika yi, ta kwantar da ke ta gefe tana kiran sunanki, kuma babu wanda zai ga laifinta. Na taɓa wuyanki, babu komai. Na birkito ki na fara danna ƙirjinki ina ƙirgawa, na ji haƙarƙarinki ya karye a ƙarƙashin hannuna, ban tsaya ba. Aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya, motar asibiti ta zo, na bi ki ciki. Sun yi duk abin da ake yi. Na san fuskar likita idan ya fito zai faɗi irin wannan magana, domin ni ma na sha yin ta. Ban taɓa tsayawa ta wannan ɓangaren ba sai ranar.

Daga faɗuwarki zuwa lokacin da hannuna ya sauka a ƙirjinki, minti huɗu ne. Da ina bakin fili, da ko rabin minti bai kai ba. Kowane ɗalibin likita ya san abin da minti huɗu yake nufi ga zuciyar da ta tsaya.

Da muka dawo gida yarinyar ta tsaya a ƙofar falo da rigar wasanta, ta ce, "Mama, na ga kin gan ni. You're a doctor, kuma kika juya kai." Ta hau sama. Daga nan ban sake jin muryarta ba sai idan tana waya da babanta.

Washegari mu matan unguwa muka yi abin da muka sani. Muka dafa abinci, muka cika kuloli, muka nufi flat ɗinki a Old Trafford don zaman makoki. Muka tarar da ƙofa a kulle, kekenki a jingine. Ba mu yi tunanin cewa ke kaɗai kike zaune ba, kuma ku ba a ranar kuke binnewa ba, sai bayan makonni, can a garinku. Muka tsaya a bakin titi da kuloli a hannu, mata goma sha ɗaya. A falona muka yi zaman kwana uku. A rana ta uku mahaifiyarki Gunilla, tsohuwa mai shekara saba'in da tara, ta sa Rachel ta haɗa mu a waya. Ta ce an gaya mata akwai likitar da ta yi ta fama da 'yarta har ƙarshe, tana so ta gode mini. Na riƙe wayar ina sauraronta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin rasuwarki kin nema wa yarinyar gwaji a makarantar horarwa ta wata babbar ƙungiya a Birmingham, ta hannun wata da kuka buga tare. Ranar 25 ga Oktoba aka sa. Wata shida kina shirya ta. Ita kuwa ta ƙulle takalman wasanta a leda ta jefa a kwandon shara na bayan gida. Na ciro su. Taɓon ranar yana nan a jikinsu ya bushe, na zauna na kankare shi da tsohon buroshi. Da safiyar ranar na ajiye su a ƙofar ɗakinta na ce, "Ke, mota na jira." Ban yi zaton za ta fito ba. Minti ashirin ina zaune, sai ga ta. Ta shiga kujerar baya. Awa biyu muka yi a kan hanya.

Batulu ta tarye mu a wurin. Yarinyar ta sauka ta nufi fili ba ta waiwayo ba, domin ta san inda zan kasance. Na kashe mota. Na buɗe ƙofa. Batulu ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ikon Allah, Safiyatu. Ashe ƙafafunki na aiki." Muka je muka tsaya a bakin layi tare da sauran iyaye. 

Ba ta gan ni ba. Minti goma sha biyar da farawa aka zuro mata ƙwallo, ita kaɗai da mai tsaron raga, irin wanda take ci ido a rufe. Ta buga ya tashi sama. Ta tsaya cak, hannu biyu a ka, tana kallon gefen da koci ke tsayawa. Wasa ya ci gaba, ita tana nan. Masu gwajin suna rubutu a takardunsu. Na ga kafaɗunta sun fara girgiza, na san saura kaɗan ta fice daga filin, kuma idan ta fice ba za ta sake komawa ba. Kin ce ba sai na ce komai ba, Ulrika, amma ke kina nan lokacin da kika faɗi haka. Yanzu babu mai cewa.

Na buɗe baki na ce, "Shifa!"

Ta juyo. Ta kalli Batulu. Ta kalli wata Baturiya da ke kusa da ni. Ta kalli masu gwajin. Nema take yi, domin shekara goma sha shida ba ta san yadda sunanta yake a muryata ba. Sai da na sake kira idonta ya sauka a kaina. Ta tsaya tana kallona kamar ta ga baƙuwa. Sannan ta share fuska da gefen hijabinta, ta ruga.

Ba ta ci ko ɗaya ba ranar. Ta yi gudu dai har aka tashi. Sun ce za su aiko da wasiƙa, har yau ba ta iso ba, kuma ban san abin da za ta ƙunsa ba.

A hanyar dawowa gaba ta zauna. Mun wuce rabin hanya ta ce, "Mama, da kina wurin, da ta rayu?"

Na san amsar da ake bayarwa. Ajali idan ya zo ba a ƙara masa ko daƙiƙa, kuma na yi imani da haka. Binciken asibiti ma ya nuna wata cuta ce ɓoyayya a tsokar zuciyarki, irin wadda wani lokaci ko a gadon asibiti ta kama mutum ba a iya komai. Amma ke kika rene ta, ba za ta karɓi kwana-kwana ba. Na ce mata, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne na gan ki kina gudu, na juya kai." Na ratse gefen hanya a wani gidan mai saboda na daina ganin titi. Muka yi kuka mu biyu, wanda ba mu taɓa yi tare ba. Da ta tsagaita, ba ta ce ta yafe mini ba. Cewa ta yi, "Sake faɗin sunana." Na sake faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Gunilla da dukan danginki a Sweden. Rachel ta yi alkawarin karanta mata wannan rubutu da harshen da za ta ji, domin ta san gaskiyar likitar da ta yi wa godiya. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya sanyaya zuciyarta, domin babu ciwon da ya kai uwa ta binne abin da ta haifa. Ina yi wa Rachel ta'aziyya, da Batulu wadda ta rasa ƙawar shekara ashirin da ɗaya, da 'yan matan nan goma sha huɗu da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Allah Ya cire musu firgicin, Ya raya su, Ya sa abin da aka koya musu ya amfane su.

Ke kuma Ulrika, baƙuwar da ta zo ta riƙe mana 'ya'ya kamar ita ta haife su, na miƙa lamarinki ga Ubangijin da rahamarSa ta yalwaci komai, Wanda ba Ya zaluntar kowa ko daidai da ƙwayar zarra, kuma babu hijabi ɗaya cikin taran nan da ya ɓoyu gare Shi. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau da imani. Ni kuma Allah Ya yafe mini minti huɗun nan.

Dokta Safiyatu Bara'u
Longsight, Manchester